Zaɓen Harsashin Raifil don Farauta da Wasan Harbi: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka da Turai da kudancin Afirka, inda farauta da raifil take tafiya da lasisi da ƙayyadadden lokaci, ba a cika yin gardamar da ta kai ta harsashi tsawo ba. Wanda zai sayi bindigarsa ta farko yakan tarar da sunaye sun fi hamsin a kan kanta, kowanne da masu yabonsa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsarsu gwargwadon yadda abin yake a fili.

Da farko, me ake nufi da harsashi, kuma sassa nawa gare shi?

Sassa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa. Akwai albarushi a cikin kwanson. Akwai ɗan ƙyastu a gindinsa, wanda allurar bindiga ke dokawa idan an ja kunama. Sai kan harsashi, wato ƙwayar da ke fita ta bututu ta tafi. Idan aka ce bindiga "tana cin .308", ana nufin an sassaƙa mazaunin harsashinta daidai da siffar wannan kwanso, kuma faɗin bututunta ya dace da ƙwayar.

Harsashi iri biyu ne ta fuskar ƙyastu. Mai ƙyastu a gefen gindi, irin .22 Long Rifle, ƙarami ne mai arha kuma ba a sake cika kwansonsa. Mai ƙyastu a tsakiya shi ne duk sauran da za mu ambata, ya fi jure matsi, kuma ana iya sake cika kwansonsa sau da dama.

Waɗannan lambobi, .308 da 6.5x55 da .30-06, me suke faɗa?

Ba tsari ɗaya suke bi ba, shi ya sa suke rikita mutane. Turawan nahiyar Turai sun fi sauƙaƙawa: 6.5x55 na nufin faɗin bututu milimita 6.5, tsawon kwanso milimita 55. Amurkawa da Turawan Ingila da inci suke awo, sannan su liƙa abin da suka ga dama. A .30-06, kashi na farko faɗi ne, na biyu kuwa shekarar 1906 ce da sojan Amurka suka karɓe shi. A .30-30, wanda ya fito a 1895, talatin ta biyu nauyin albarushin da aka fara zuba masa ce.

Abin lura shi ne .308 Winchester da .30-06 da .300 Winchester Magnum duk ƙwaya mai faɗi ɗaya suke harbawa, inci 0.308, amma kwansonsu ya sha bamban kuma ba a musanya su. Faɗin ƙwaya ba shi ne sunan harsashi ba. Cikakken sunan da aka buga a jikin bututu shi ne abin dogaro, sai a gwada shi da wanda aka buga a gindin kwanso da kuma jikin kwali.

Mene ne giren, kuma yaya ake auna ƙarfi?

Giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne, kuma guda ɗaya giram 0.065 ne. Ƙwaya mai giren 150 ta kusa giram 9.7. Ƙarfi kuwa da jul ake auna shi: rabin nauyi a ninka da gudu sau biyu. Tunda sau biyu ake ninka gudu, ɗan ƙarin gudu kan kumbura lambar sosai, ko da ƙwayar ba ta da nauyin ratsa ƙashi.

Ga kimanin abin da kamfanoni ke rubutawa a bakin bindiga, daga bututu mai tsawon santimita 60 ko kusa da haka:

.22 Long Rifle, giren 40, mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, ƙasa da jul 200.
.223 Remington, giren 55, mita 990, kusan jul 1,750.
.243 Winchester, giren 100, mita 900, kusan jul 2,600.
6.5 Creedmoor, giren 140, mita 820, kusan jul 3,050.
.308 Winchester, giren 150, mita 860, kusan jul 3,600.
.30-06, giren 180, mita 820, kusan jul 3,950.
.375 H&H, giren 300, mita 770, kusan jul 5,750.

Idan bututunka ya fi na gwajin gajarta, gudun zai ragu, sau da yawa da mita 6 zuwa 10 a kan kowane inci da aka rage.

Da wanne mai koyo ya kamata ya fara?

Da .22 Long Rifle, babu ja a nan. Tun 1887 yake kasuwa, ba shi da shuri, ƙararsa kaɗan ce, kuma kuɗin harsashi ɗaya na babbar raifil zai sayi goma ko fiye nasa. Riƙon numfashi, da jan kunama a hankali ba tare da fizga ba, da zaman idanu a kan saiti bayan harbi ya tashi, duk da yawan maimaitawa ake samun su, kuma .22 ne kaɗai ke barin mutum ya harba ɗari biyu a wuni ba tare da kafaɗa ko aljihu sun koka ba. Da shi ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik, da shi ake farautar zomo da kurege a tazarar mita 50 zuwa 70.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa. Ƙwayarsa kan wuce kilomita ɗaya da rabi idan an ɗaga baki sama, tana kuma yawan tsalle idan ta daki ruwa ko dutse. Haka nan bai dace da dabba mai girman barewa ba ko kaɗan, rauni kawai zai yi mata.

.223 Remington ya isa kayar da barewa?

Ya danganta da barewar da kuma dokar wurin. An san shi da dila da yanyawa da makamantansu har zuwa mita 250, da kuma harbin allo. Da ƙwaya mai ƙwari ta giren 62 zuwa 70 yana kayar da ƙaramar barewa, amma ba ya yafe kuskure: idan ƙwayar ta ci karo da ƙashin kafaɗa a karkace, tana iya tarwatsewa kafin ta kai huhu.

Dokoki ma sun raba gari a kansa. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta ce manyan barewa sai da faɗin da ya kai inci 0.240 da ƙarfin da ya kai kusan jul 2,300 a bakin bindiga, don haka .223 ya fita, in ban da wasu ƙananan barewa iri biyu da aka sassauta daga baya. A Jamus, ƙaramar barewar da suke da ita da yawa tana bukatar jul 1,000 a mita 100, sauran manyan masu ƙofato kuwa sai milimita 6.5 da jul 2,000 a wannan tazara. A Amurka kowace jiha da tata.

To .243 Winchester fa?

Kwanson .308 ne aka tsuke wuyansa a 1955 ya riƙe ƙwaya mai milimita 6. Shurinsa kusan rabin na .308 ne, tafiyarsa a miƙe take, kuma ya dace da dabba daga girman gada har zuwa kilo 80 ko 90. Shi ne aka fi ba matasa da masu ƙaramin jiki. Aibinsa biyu: yana cinye bututu da wuri saboda albarushi mai yawa yana bi ta ƙaramar kafa, sannan ƙwayoyinsa marasa nauyi, na giren 55 zuwa 75, an yi su ne su fashe a jikin ƙananan dabbobi. Wanda ya ɗauke su ya tunkari barewa ya yi kuskuren kwali, ba na bindiga ba. Giren 95 zuwa 100 ne na barewa.

Tsakanin .308 da .30-06 da .270, wanne ya fi?

A tazarar da mafi yawan farauta ke faruwa, wato ƙasa da mita 250, dabbar da aka harba a huhu ba za ta bambance su ba. Bambancin yana wajen bindigar da kafaɗar mai ita da kuma kantin da zai sayi harsashi.

.308 Winchester ya fito a 1952, kwansonsa milimita 51 ne, don haka yana shiga bindiga mai gajeren sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin mazauninsa ya kulle shi), wadda ta fi sauƙin ɗauka. Ba ya rasa gudu da yawa a bututu mai santimita 50. Yana da arha cikin manyan harsasai, ana samun sa kusan ko'ina ake sayar da harsashi, kuma bututunsa kan kai harbi 5,000 ko fiye kafin saiti ya fara lalacewa. Ƙwaya mai giren 150 zuwa 165 ita ce gidansa.

.30-06 yana da kwanso milimita 63, wato ya fi ɗaukar albarushi. Da ƙwaya mai giren 150 ratar da ke tsakaninsa da .308 ba ta wuce mita 30 a daƙiƙa ba. Inda yake nuna kansa shi ne a giren 180 zuwa 220, domin doguwar ƙwaya ba ta cinye masa wurin albarushi kamar yadda take yi wa .308. Wanda ke sa ran dabba mai girman gwanki zuwa sama, kilo 250 ko fiye, yana da hujjar zaɓensa. Kuɗin da zai biya shi ne ƙarin shuri da ɗan ƙarin tsawo da nauyin bindiga.

.270 Winchester ɗan 1925 ne, kwanson dangin .30-06 da aka tsuke ya riƙe ƙwaya mai inci 0.277. Giren 130 a mita 930 a daƙiƙa yana tafiya a miƙe ƙwarai. Idan an daidaita saiti a mita 180, a mita 275 ƙwayarsa kan sauka da kusan santimita 17, ta .308 kuma da 20 zuwa 23. Wannan rata ta kai faɗin yatsu uku, ba ta fi haka ba. A fili mai faɗi ko kan duwatsu tana da amfani, a cikin kurmi kuwa ba a ma lura da ita.

A ganinmu, wanda zai haɗa harbin allo da farauta ya ɗauki .308. Wanda farauta kaɗai ke gabansa, kowanne cikin ukun ya samu a bindigar da ta zauna masa a kafaɗa ya wadatar.

Ana ta zuzuta 6.5 Creedmoor. Gaskiya ne ko talla?

Akwai duka biyun. Kamfanin Hornady ya ƙera shi a 2007 don gasar dogon zango. Dabarar ita ce gajeren kwanso mai barin doguwar siririyar ƙwaya ta zauna daidai, da bututu mai saurin murɗa ƙwaya. Irin wannan ƙwaya tana ratsa iska da sauƙi, don haka bayan mita 400 ta fi ta .308 riƙe gudu, iskar gefe kuma ba ta karkatar da ita sosai. Ga shi shurinsa ya gaza na .308 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan duk gaskiya ne.

Tallar tana shigowa ne inda ake nuna kamar sabon abu ne, ko kamar ya dace a harbi dabba a mita 700. Tun 1894 Siwidin da Nowe suka karɓi 6.5x55, wanda aikinsa kusan ɗaya ne da Creedmoor, kuma maharban can sun daɗe suna kayar da ƙatuwar barewar dazuzzukansu da ake kira moose, mai kilo 400, da shi, da doguwar ƙwaya mai giren 156, a tazara ta kusa. Allo ba ya motsi, ba ya kuma jin ciwo. Dabba kan taka ƙafa ɗaya cikin daƙiƙar da ƙwaya ke tafiya, harbin huhu ya koma na tumbi.

Me zai hana in sayi magnum, wato harsashi mai babban kwanso da albarushi mai yawa, in huta?

Shuri. A bindiga mai nauyin kilo uku da rabi, ƙarfin da ke komawa kafaɗa ya kai kusan jul 12 a .243, jul 23 a .308, jul 27 a .30-06, jul 35 a .300 Winchester Magnum. Mafi yawan mutane daga wajen .30-06 jikinsu ke fara gudun harbin tun kafin ya tashi: ido ya ƙifta, kafaɗa ta turo gaba, yatsa ya fizgi kunama. Mai yin haka bai san yana yi ba, kuma ƙwayarsa ƙasa take faɗawa ko gefe.

Akwai hanyar ganewa. Ka ba abokin harbinka bindigar ya riƙa ɗora mata ba ka gani, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na bogi wanda ba ya tashi. Idan ka ja kunama a kan na bogi bakin bindiga ya dunkufa ƙasa, to ciwon ya kama ka. Maganinsa komawa .22 na tsawon makonni, da yawan jan kunama a bindigar da aka tabbatar babu komai cikinta.

7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 harsasai ne masu kyau ga wanda ke farautar manyan dabbobi a nesa kuma yana yawan atisaye. Amma suna son bututu mai santimita 60 zuwa 66, sun fi tsada, sun fi cin bututu, kuma a kusa gudunsu kan farfasa ƙwaya mai laushi ya ɓata nama. Ana iya rage shuri da ƙarin nauyin bindiga, da roba mai kyau a gindinta, ko da na'urar karkatar da hayaƙi a bakinta, sai dai wannan ta ƙarshe tana ƙara ƙara matuƙa ga mai harbi da na kusa da shi. Ƙarar babbar raifil ta haura desibel 150 ko babu na'urar, harbi ɗaya kan iya taɓa ji har abada, don haka toshe kunne wajibi ne.

Ashe irin ƙwayar ma tana da tasiri?

Ta fi sunan harsashin tasiri, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Aikin ƙwayar farauta biyu ne masu jan juna: ta buɗe kamar laima don ta yi faffaɗan rauni, ta kuma riƙe nauyinta don ta ratsa har gaɓoɓin ciki.

Mai cikakkiyar rigar jan ƙarfe, wadda ake rubuta FMJ a kwalinta, ba ta buɗewa. Ta allo ce, kuma wurare da yawa sun hana farauta da ita, domin takan huda dabba ta wuce ta bar ta da rai tana wahala. Ƙwayar gasa mai ɗan rami a tsini an yi ta ne don daidaiton saiti, rigarta siririya ce, ba a san yadda za ta yi a cikin nama ba: wani lokaci ta tarwatse, wani lokaci ta wuce ba ta buɗe ba.

Mai laushin tsini ta gargajiya, dalma a cikin rigar jan ƙarfe, ta isa ga barewa a gudu matsakaici irin na .308 ko 6.5x55, ga ta da arha. Matsalarta ita ce idan gudu ya yi yawa ko ta daki babban ƙashi, dalmar kan rabu da rigar. Don magance wannan John Nosler ya fito da Partition a 1948, ƙwaya mai katanga a tsakiya, gabanta ya buɗe bayanta ya ci gaba da ratsawa. Daga baya aka samu waɗanda ake narka dalma ta manne da riga, masu riƙe kashi 80 zuwa 90 na nauyinsu.

Sai ta jan ƙarfe zalla, irin ta Barnes. Kusan ba ta rasa nauyi, tana ratsawa sosai, ba ta barin ɓurɓushin dalma a naman da za a ci. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019. Sharaɗinta shi ne gudu: tana bukatar ta isa jikin dabba da akalla mita 600 a daƙiƙa kafin ta buɗe yadda ya kamata, shi ya sa ake sauka mataki ɗaya a nauyi, misali giren 130 ko 150 a .308 maimakon 165.

Na sayi ƙwaya mai nauyi sai ta riƙa shiga allo a kwance. Me ya faru?

Murɗin bututunka bai ishe ta ba. A cikin bututu akwai tsagi masu murɗawa da ke juya ƙwaya don ta tafi da tsini a gaba. Idan aka rubuta 1:12, ana nufin juyi ɗaya cikin inci 12. Doguwar ƙwaya ta fi bukatar saurin juyi. A .223, murɗin 1:12 ya tsaya a wajen giren 55, 1:9 ya kai 69, mai giren 77 kuwa sai 1:8. Tsawo ne ke hukunci fiye da nauyi, don haka ƙwayar jan ƙarfe zalla, wadda ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, tana iya ƙin zama a bututun da ke karɓar 'yar uwarta.

Me ake bukata ga ɓauna da giwa a ƙasashen da ake ba da lasisinsu?

Ma'aunin da aka sani shi ne .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Tanzaniya ta sa shi a matsayin mafi ƙaranci ga namun daji masu haɗari, Namibiya kuma da ƙarfi take awo: jul 1,350 ga ƙananan barewa, 2,700 ga manya, 5,400 ga ɓauna da giwa. 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 don manoman Jamus da ke Afirka, yana da sauƙin shuri kuma ya yi suna a kan ɓauna, amma da giren 286 ƙarfinsa kusan jul 4,800 ne, wato bai cika sharaɗin wasu ƙasashen ba. 

Ana yawan kafa hujja da Karamojo Bell, wanda ya kashe ɗaruruwan giwaye da 7x57 a farkon ƙarni na 20. Bell ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, a zamanin da babu dokar da ta hana. Ba abin koyi ba ne ga kowa a yau.

Zan iya sa harsashin soja na 5.56 a bindigar .223, ko na 7.62 a ta .308?

Kwanson 5.56 da na .223 kusan ɗaya ne a ido, amma mazaunin bindigar 5.56 yana da ƙarin fili a gaban ƙwaya kafin ta kama tsagi. Idan aka harba 5.56 a mazaunin .223 mai matsi, matsin hayaƙi kan haura, ƙyastu ya fice daga gurbinsa, kwanso ya maƙale. Ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai a Amurka ta sa wannan haɗi cikin marasa aminci. Akasin haka, .223 a bindigar 5.56, babu laifi. A wajen .308 lamarin ya juya: na kasuwa ne kan fi zafi, don haka tsohuwar bindigar soja mai 7.62x51 ita ce ake kai wa maƙerin bindiga ya auna kafin a ba ta .308.

Akwai haɗe-haɗen da suka fi waɗannan muni. Harsashin .300 Blackout yana iya shiga mazaunin .223 sakata ta rufe, sai ƙwaya mai inci 0.308 ta nemi bi ta bututu mai 0.224, bindigar ta fashe a fuskar mai ita. .308 kan shige mazaunin .270 ko .25-06 da irin wannan sakamako. Tsofaffin bindigogin Jamus masu 8x57 kuma faɗi biyu gare su, 0.318 da 0.323, kuma na biyun a bututun na farko haɗari ne. Ƙa'idar filin harbi ita ce kwali ɗaya a kan tebur a lokaci ɗaya, kuma harsashin da aka tsinta a ƙasa ko wanda wani da ba a sani ba ya cika da hannu, ba a harba shi.

Wanne ake amfani da shi a gasa?

Dokar gasar ce ke zaɓa. Rukunin F-TR na dogon zango .223 da .308 kaɗai ya yarda da su. A gasar PRS ta Amurka, inda ake harbin faranti na ƙarfe daga wurare daban-daban cikin ƙurarren lokaci, ƙananan masu milimita 6 irin 6mm Dasher da 6mm Creedmoor sun mamaye, domin rashin shuri na barin mai harbi ya ga inda ƙwayarsa ta faɗi ya gyara. Farashin shi ne canja bututu bayan harbi 1,500 zuwa 2,500.

Yaya zan gane harsashin da bindigata ta fi so?

Bindiga biyu daga kamfani ɗaya ma kan bambanta, don haka gwaji ne kawai. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu masu ƙwayar da ta dace da dabbar. Tabbatar kusoshin madubin saiti da na gangar bindiga sun ɗaure. Ɗora gaban bindigar a kan buhun yashi, itacen ya taɓa buhun, ba bututun ba. A mita 100 harba biyar da kowane iri, ka bar bututu ya huce tsakani har ka iya riƙe shi da hannu. Harbi uku ba ya faɗin gaskiya, sa'a kan shiga ciki. Auna tazarar ramuka biyu mafi nisa da juna. Ga farauta, santimita 4 zuwa 5 ya wadatar, tunda huhu da zuciyar barewa sun kai faɗin santimita 15 zuwa 20.

Da ka samu wanda ya fi, daidaita saiti da shi, ka sayi kwalaye da yawa masu lambar rukuni ɗaya. Duk ranar da ka canja nauyi ko kamfani, sake duba saiti, domin wurin faɗuwa kan gusa da santimita 5 zuwa 10. Daga nan ka bar tebur: harba a tsaye da sanda, a durƙushe, a zaune. Tazarar da kake sa tara cikin goma a cikin farantin santimita 20 daga irin wannan tsayuwa, ita ce iyakarka a daji, ko wane suna ke jikin kwanson.

Wannan bayani ya shafi mai zama a Najeriya?

Ta fuskar doka akwai abin da ya kamata a sani. Dokar makamai ta Najeriya, mai asali tun 1959, ta kasa bindigogi uku. Bindigar toka da danginta suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Raifil ta farauta da bindigar tsuntsaye sai da lasisin Sufeto Janar. Raifil ta soja kuwa, inda dokar ta ambaci faɗin milimita 7.62 da 9 da inci 0.300 da 0.303, tana cikin haramtattu. Wato .308 da ake yabo a wasu ƙasashe yana faɗawa cikin faɗin da doka ta ware a nan. Riƙe harsashi ba lasisi laifi ne kamar riƙe bindigar, kuma farauta a gandun daji irin Yankari haramun ce a doka ko da wace bindiga.

Na ja kunama harsashi bai tashi ba, ko ya yi ƙara mara ƙarfi. Me zan yi?

Idan bai tashi ba, bar bakin bindiga yana kallon allo, kada ka buɗe sakata sai bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, domin ƙyastu mai laima kan yi jinkiri sannan ya kama. Bayan haka ka fitar da shi ka duba gindinsa: rami mai zurfi na nuna laifin harsashi ne, ɗan tabo mara zurfi na nuna allura ko sifirin ɗinta, ko busasshen mai da ya daskare a cikin sakata.

Ƙara mara ƙarfi da shuri kaɗan sun fi wannan haɗari, domin alama ce ta ƙwaya ta tsaya a cikin bututu. Kada ka ɗora wani. Cire gidan harsashi, zare sakata, ka leƙa bututun ta baya sai ka ga haske ya fito ta baki. Idan a toshe yake, maƙerin bindiga ne zai fitar da ita. Yawancin irin wannan daga ajiya yake tasowa: harsashin da ya sha zafin mota, ko laimar damina, ko man bindiga ya tsiyaya cikin ƙyastunsa. A akwatin ƙarfe mai robar rufi, da ƙunshin maganin laima a ciki, a ɗaki mai sanyi kuma a kulle nesa da bindigar da hannun yara, harsashin kamfani kan yi shekaru ashirin ko fiye yana tashi daidai.